BABA YA DAWO!

Jama'a, akwai wasu kalmomi guda uku waɗanda in aka faɗe su a wasu gidaje, sai ka ga gida ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Kalmomin kuwa su ne, "Baba ya dawo!" Mai dariya ya haɗiye dariyarsa, mai 'yar waƙa ta yi gum, yaron da ke ba uwarsa labarin abin da ya faru a makaranta ya yanke maganar a tsakiya ya sulale ɗaki. Shi kuwa gogan naka ya shigo yana gyaran murya, ya tarar ko ƙuda ba ya motsi, ransa ya yi fari ƙal. Gobe ya je majalisa yana bugun ƙirji, wai shi gidansa ba a wargi, ko tari ya yi sai kowa ya shiga taitayinsa. Abokan zama su ce, "Kai, Alhaji ai ka iya tarbiyya."

To ni dai na ce ba ka iya ba. Kuma wannan 'yar takarda dominka na rubuta ta. In ranka ya sosu ka yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ni malamin sakandare ne, na haura shekara 20 ina riƙe da alli. Yara 'yan shekara 13 zuwa 19 su ne abokan zamana tun daga safe har azahar, wato ni nake ganin ɗanka a lokacin da idonka ba ya kansa. Kai wanda ka sani shi ne mai durƙusawa har ƙasa ya gaishe ka, kansa a sunkuye. Ni kuwa na san ɗayan, wanda yake fitowa da zarar ka ba da baya.

A shekarar 2017 muka kama wani ɗalibinmu ɗan aji 5 a bayan ajujuwa da kwalbar lemo, ashe maganin tari ne ya juye a ciki. Yaro ne shiru-shiru, bai taɓa yi wa malami rashin kunya ba. Muka aika wa mahaifinsa, wani ɗan kasuwa mai rufin asiri. Ya zo da babbar riga, aka zayyana masa abin da ya faru, sai ya dube ni ya ce, "Malam, ba dai ɗana ba. Yaron da ko ido ba ya iya haɗawa da ni?" Na ce, "Ranka ya daɗe, aji nawa yake?" Ya yi jim, ya juya ya tambayi yaron. Wallahi a gabana aka yi.

Bayan kwana biyu na ja yaron gefe, na saya masa ƙosai, muka zauna ƙarƙashin darbejiya. Da ƙyar ya buɗe baki. Ya ce abin ya soma ne tun ranar da sakamakonsa na aji 3 ya fito bai samu shiga ajin kimiyya ba, Baba ya ɗaure shi ya zane shi da wayar wuta a gaban ƙannensa. Tun daga nan barci ya ƙaurace masa, in ya ji ƙarar motar Baba gabansa ya dinga faɗuwa, har wani abokinsa ya ce yana da abin da zai sa ya yi barci. Na ce, "To me ya hana ka gaya wa Baba halin da kake ciki?" Ya dube ni kamar na yi maganar hauka. Ya ce, "Malam, ai Baba ba a gaya masa magana, shi ne yake faɗa."

Shekara guda bayan wannan, a 2018, BBC ta fitar da binciken nan nata a kan maganin tari mai kodin, duniya ta ga yadda samari da 'yan mata suke kwankwaɗarsa a Kano da sauran garuruwa, gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. A farkon 2019 kuma aka fitar da ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara ɗaya a Nijeriya. Aka yi ta zagin dillalai, aka zagi masu kemis, aka zagi gwamnati, kuma duk sun cancanta. Ban ce duk mai shaye-shaye daga gidan tsawa ya fito ba, talauci da zaman banza da mugun aboki duk suna da nasu kason. Amma ban ji uba ko ɗaya ya miƙe ya ce, "Ni ma a tambaye ni, yaya aka yi ɗana ya shekara biyu yana sha a cikin gidana ban sani ba?"

Ka san me tsoro yake koya wa yaro? Ba ya koya masa cewa abu kaza ba shi da kyau. Abin da yake koya masa shi ne kada a kama shi. Yaron da aka saba dukansa a kan kowane kuskure yakan zama gwani wajen ɓoye kuskure, ya iya ƙarya mai tsari, ya iya karanta fuskarka tun daga zaure ya san yau da wace ƙafa ka shigo. Duk basirar da ya kamata ya kashe wajen gane daidai da ba daidai ba, ta tafi wajen gadin kansa daga gare ka. Kuma tsoro yana aiki ne muddin mai ba da tsoron yana tsaye a wurin. Ranar da ya tafi makarantar kwana, ko jami'a, ko ya bi mota zuwa Legas neman kuɗi, wa zai riƙe masa dorinar? Ballantana ma akwai ranar da za ka ɗaga hannu, ka ga yaro ya fi ka tsawo, ya riƙe hannun. Daga ranar makaminka ya ƙare, kuma ba ka tanadi wani ba.

Masu ilmin ƙwaƙwalwa sun gano, ta hanyar ɗaukar hotonta da na'ura, cewa ɓangaren da ke bayan goshi, wanda ke da alhakin auna abu kafin a aikata da danne zuciya, shi ne yake jinkirin nuna, ba ya kammala sai mutum ya kai wajen shekara 25. Wato saurayi ɗan 16 jikinsa ya cika, muryarsa ta buɗe, sha'awarsa da zafin zuciyarsa sun kawo, amma birkin bai gama ɗauruwa ba. Birkin nan kuwa da amfani yake ƙarfi. Sai an bar yaro ya yanke shawara, ya yi kuskure ƙarami, an zauna da shi an warware inda ya kauce, sannan zai iya da babba. Wanda kullum aka ce masa "yi" ko "bari" ba tare da dalili ba, ya kai shekara 30 yana jiran wanda zai ce masa yi ko bari. In bai samu uba ba, zai samu uban daba, ko ɗan siyasar da zai ba shi dubu biyu da gora.

Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, Diana Baumrind, ta yi shekaru tana lura da iyaye da 'ya'yansu, a 1966 ta kasa riƙon yara gida uku. A 1983 Eleanor Maccoby da John Martin suka ƙara na huɗu. Ma'aunin nasu biyu ne kacal: shin akwai doka da sa ido a gidan, kuma shin ana jan yaro a jiki ana sauraronsa? Wani gida doka ce zalla babu sauraro. Wani sauraro da lallashi ne babu doka. Wani babu ko ɗaya. Wani kuma ya haɗa biyun. A 1991 Laurence Steinberg da abokan aikinsa suka gwada wannan a kan matasa kimanin 4,100 'yan shekara 14 zuwa 18. 'Ya'yan gidan doka zalla sun fito da biyayya, ba su cika shiga rigima ba, amma ba su yarda da kansu ba, suna ganin ba za su iya komai ba. 'Ya'yan gidan lallashi sun yarda da kansu sosai, amma sun fi shaye-shaye da wasa da karatu. Waɗanda aka yi wa ko-in-kula su ne a ƙarshe a kusan kowane fanni. Waɗanda suka yi zarra a karatu da natsuwa da iya zama da mutane su ne 'ya'yan gidan da ake kafa doka kuma ake bayyana dalilinta.

Na san abin da za ka ce, don an sha faɗa mini. "Malam, wannan ai zancen Turawa ne. Mu haka aka rene mu, da bulala, ga mu kuwa mun zama mutane." Maganarka tana da ƙamshin gaskiya, ba zan ƙi ba. Ko a can ma wata masaniya, Ruth Chao, ta yi musu gyara a 1994, ta ce tsananin iyaye 'yan asalin ƙasar Sin ba ɗaya yake da tsananin da Turawa suke nufi ba, domin nasu yana tafe da kulawa da shiga lamarin yaro dumu-dumu. To amma tsaya mu duba yadda aka rene mu ɗin da gaske, kada mu riƙe rabin labari mu yar da rabi.

Ni a gidan gandu na tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai kwarjini, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba sai da na yi aure. Mahaifiyata kuwa da yake ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa, alkunya ta hana. Amma fa gidan ba su kaɗai ba ne a ciki. Akwai kakata, wadda ɗakinta ya zama mini mafaka, in na yi laifi can nake gudu, ta ɓoye ni bayan gado, in ƙura ta lafa ta zaunar da ni tana tsokanata da "mijina", ta warware mini laifina dalla-dalla, sannan ta je ta yi mini bikon Baba. Akwai gwaggo, wadda ita ta fara jin labarin yarinyar da na fara so, ta yi mini dariya, ta kuma gaya mini abin da ya dace da wanda bai dace ba. Akwai kawu da nake bi kasuwar ƙauye ran Laraba, a hanya ya ba ni riƙon kuɗin awaki, in na yi ɓatan lissafi ya ce in sake. Da dare ga tatsuniya a tsakar gida. Wato Baba yana riƙe da doka, su kuma suna riƙe da kunne. Aikin da masanan can suka ce uba ɗaya ya haɗa, mu mutum biyar ne suka raba shi a tsakaninsu, shi ya sa tsawar Baba ba ta karya mu ba.

Yanzu fa? Ka kama ɗaki biyu da falo a bayan gari, kakar yara tana ƙauye sai da salla, gwaggo tana can wata unguwa da nata ɗawainiyar, kawu kuwa sai a waya. Maƙwabcin da a da zai ga ɗanka a inda bai dace ba ya ja masa kunne, yau in ya yi sai ka kai shi wurin 'yan sanda. Ka fita tun da asuba, ba ka dawowa sai bayan lisha. Duk waɗancan kunnuwa sun tafi, ba abin da ka taho da shi daga gidan gandu sai dorina da ɗaure fuska. Ka ɗauko ɗacin maganin ka baro zumar, sannan ka ce wai haka aka rene ka. Ba haka aka rene ka ba, Alhaji. Kuma yaro ba ya zama babu kunne. In babu a gida zai samo a shagon samari, ko a cikin wayar da ke hannunsa, inda wani ƙato da ba ka taɓa gani ba yake sauraronsa har ƙarfe biyun dare.

Iyaye mata, ku ma ban ƙyale ku ba. Ke ce mai cewa, "Bari babanku ya dawo," kin mayar da mijinki dodo, kin mayar da kanki 'yar rahoto. Kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na 'ya'ya mata. Malamai mata 'yan uwan aikina sun sha gaya mini yadda yarinya za ta fara ganin al'ada a makaranta ta ruɗe da kuka, tana zaton wata cuta ce, domin uwar da ta haife ta ba ta taɓa ce mata komai ba, wai kunya. To yarinyar da ba ta iya gaya miki wannan ba, ranar da wani ɗan haya ko mai shago ko ma wani na cikin dangi ya fara taɓa ta, yaya za ta yi ta buɗe baki? Ta riga ta san amsar: mari, da "me ya kai ki?" Masu lalata yara sun san wannan sarai, sun san wace yarinya ce ba ta da wurin kai ƙara, ita suke nema. Kunya ado ce, na yarda, amma wadda za ta rufe bakin 'yarki a ranar da take neman ceto, wannan sunanta sakaci.

A aji kuwa ba sai an gaya mini ba, a makon farko nake gane su. Ɗan gidan tsawa ba ya ɗaga hannu. Ko bai gane ba zai ce ya gane, domin a saninsa tambaya rashin kunya ce, kuskure kuma abin duka ne. Yana iya haddace shafi guda, amma ka ce masa, "Kai me ka gani?" sai ya daskare. In jarrabawa ta zo, da ya kai wa Baba jan biro gara ya saci amsa, ko ya goge sakamakon ya rubuta wani. Sau nawa aka tilasta wa yaro ajin kimiyya don Baba ya rantse sai ya haifi likita, alhali yaron hannunsa na zane ne ko na gyaran inji? Ya yi WAEC sau uku, ya yi JAMB sau uku, a ƙarshe uban da kansa ya biya kuɗi a kai shi inda ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo. Ka ga mai tarbiyya ya koya wa ɗansa sata da kuɗin aljihunsa.

Kada wani ya ɗauka cewa nake a sakar wa yara linzami. Su ma masu shagwaɓa ina da su a aji, ɗan Hajiya da ba a taɓa ce masa a'a ba, wanda in ka karɓe wayarsa uwar za ta zo har ofis tana zage-zage. Shi ma bai balaga a hankali ba, da ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa sai ya zube. Amma shi wannan kowa ya san ɓatacce ne, ba wanda yake yabon uwarsa a majalisa. Wanda nake faɗa da shi shi ne ɓarnar da ake yi wa kirari.

Kuma mun ga inda hanyar take ɓullewa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. 'Yan makonni bayan haka aka sake samun irinsa a Daura. Da yawansu iyayensu ne da danginsu suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, wai a gyara musu hali. Ban ce iyayen nan ba sa son 'ya'yansu ba, na tabbata wasunsu da hawaye suka kai su. Sai dai mutumin da bai san wani magani ba sai duka, in duka ya ƙi ci, abin da zai nema shi ne wanda ya fi shi iya duka. Binciken da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna kusan rabin yaran Nijeriya sun sha duka mai tsanani ko makamancinsa kafin su kai 18. Da duka yana gyara hali, ai da mun fi kowa gyaruwa. A 2016 Elizabeth Gershoff da abokin aikinta suka tattara binciken shekaru 50 da ya shafi yara fiye da 160,000, ba su samu shaidar cewa duka yana inganta hali ba, sai ma alaƙarsa da ƙarin faɗa da taurin kai da damuwar zuciya. Mu malamai ma ba mu fita ba, na karya tsumagiya a jikin 'ya'yan mutane fiye da yadda zan iya ƙirgawa, ina neman gafararsu.

Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma je ka tambayi mai yin baka ko mai saƙar kwando yadda ake tanƙwarawar. A hankali ake yi, ana jiƙawa, ana bin jijiyar iccen. Wanda ya sa gwiwa ya danna da ƙarfi, ƙaras zai ji. Dokokin gidanka su zama kaɗan, waɗanda kai ma kake bi: lokacin dawowa gida, salla, karatu, wa ake abota da shi. Ka tsaya a kansu kada ka sassauta, amma ka faɗi dalili, kuma ka bar shi ya kawo nasa dalilin ko da ba za ka karɓa ba. In ya karya doka, horon ya dace da laifin, a janye masa waya ko yawo, ba a tsakar gida gaban ƙannensa ba. Ka ba shi kuɗin cefanen mako ya riƙe, ya yi lissafi. Ka san sunan abokansa uku. Wannan duk bai kai wahalar neman kuɗin gidan mari ba.

Abin da ya sa na zafafa haka, ni ma na yi. Bayan maganar yaron nan ta ƙarƙashin darbejiya, na koma gida da yamma, ina jingine babur a soro sai na ji ƙaramar 'yata ta ce, "Baba ya dawo!" Na ji takun gudu, na ji an kashe rediyo. Na daɗe a tsaye a soron ban shiga ba. Babban ɗana a lokacin shekararsa 15, kuma na lissafa na ga rabon da mu yi maganar da ta wuce "ina sakamakonka" da "je ka sayo" har na manta.

Ran Asabar na ce ya hau bayan babur ya raka ni kasuwar Rimi. Uwarsa ta leƙo tana tambaya da ido ko wani laifin ya yi. A hanya na tambaye shi abin da yake so ya zama, ya ce, "Duk abin da ka ce, Baba." Na sake tambaya, ya sake ba ni amsar nan. Sai da muka yi irin wannan fita sau huɗu, ina cije baki ina hana kaina wa'azi, sannan wata rana muna tsaye a danja ya matso kusa da kunnena ya ce shi fa lissafi ba ya shiga kansa tun aji 1, kuma akwai wasu yara a layinmu da suke tare shi suna karɓe masa kuɗin tara, shekara guda ke nan.